Tsagar da Na Shafe da Giris

Damanar bana ta cika shekara talatin da biyar da rasuwar aminina Malam Isiyaku, malamin shan-magani, wanda mutanen bakin ruwa daga Yelwa har Wara suka sani da Mai Jirgin Tudu. Ni ne Mamman mai walda, wanda ya gyara masa wannan jirgi. Akwai abu ɗaya da na yi da hannuna wanda da ana mayar da jiya da na warware shi: na ga tsaga a jikin waldata, na shafe ta da giris, na ce masa babu komai. Ban taɓa faɗa masa ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Karatuna bai wuce firamare ba, saboda haka zan faɗi abin yadda ya faru.

A lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, ba a yanke Kebbi ba. Ruwan Kainji ya riga ya ci tsofaffin garuruwa, an tayar da mutane zuwa sababbin matsugunai, kuma da yawa cikin ƙauyukan nan babu hanyar mota zuwa gare su. Daga hanyar shanu sai ta masu ƙafa. Idan ciwo ya kama mutum a can, a kan amalanke ko ƙyauren ɗaki ake ɗauko shi. Malam Isiyaku yana zagaya ƙauyukan da keke, akwatin magani a baya, kuma abin da ya fi ci masa rai shi ne ya tarar da mai ciwon da ya fi ƙarfinsa, ba shi da yadda zai kai shi asibiti.

Wata rana sai ga shi ƙofar shagona da wani tsohon babur mai kwando a gefen hagu, irin wanda mutum ke zama ciki, da tayarsa ta uku. Wani Bature mai aikin auna ruwa ne ya bar shi. Ya ce, "Maƙeri, ga doki na kawo maka, ka koya mashi tafiyar daji." Maƙeri yake kirana don tsokana, ni kuma in ce masa Likita. Na zagaya babur ɗin sau biyu, na ce, "Likita, wanga ai ɗan birni na. Kwalta kaɗai ya sani."

Gaskiya na faɗa. Fitarmu ta farko ba mu yi nisa da gari ba sai ƙasan kwandon ya hau kan kututture, muka tsaya cak, taya tana juyi a iska. Mata masu dawowa daga itace suka yi ta dariya har da riƙe ciki.

Wata uku muka yi muna fama da shi. Na ɗaga kwandon kamar taƙi ɗaya daga yadda yake. Na yanko ganyen sifirin na tsohuwar a-kori-kura na sa wa tayar gefe, don kada kowane rami ya wuce kai tsaye cikin ƙashin marar lafiya. Na fasa ganga, na miƙar da ƙarfenta, na yi wa inji faranti ta ƙasa saboda duwatsu. Salansa na lanƙwasa ta sama don tsallake rafi. Muka sauya farantin sarƙa na baya da mai haƙora da yawa. Gudu ya ragu, amma ya sami ƙarfin ja cikin rairayi. Kujerar Bature kuwa muka cire ta, muka shimfiɗa katako da katifar rimi yadda mutum zai kwanta ya miƙe ƙafa. Da masunta suka gan shi da dogon kwando kamar kwale-kwale, sai suka sa masa Jirgin Tudu.

Abin da ya fi ba mu wuya shi ne ja. Babur ɗin yana ta karkata wajen kwando, Likita ya dawo kafaɗunsa kamar an daka. Babu littafi, babu wanda za mu tambaya. Da igiya da katako biyu miƙaƙƙu muka gano cewa sai tayar gefe ta ɗan kalli ciki, shi kuma babur ya ɗan jingina waje. Ya kuma koyi cewa idan kwando babu kowa, kwanar hagu tana ɗaga shi sama, don haka kullum da buhun yashi a ciki. Ƙarafa huɗu ne ke riƙe kwando da babur, muna ce musu hannuwa. Duka huɗun ni na sake su, ni na yi musu walda, kuma babu wanda ban gaya wa haka ba a Yelwa.

Shekara biyar jirgin nan yana aiki. Ban san adadin waɗanda ya ɗauko ba, shi ma bai ƙirga ba. Na dai san akwai magidanta yau a wajen Ngaski da Shanga waɗanda iyayensu mata suka iso asibiti kwance a kan katifar nan.

Yanzu idan na zauna ƙofar gida ina kallon 'yan kabu-kabu da kekuna masu ƙafa uku suna wucewa, nakan ce da Likita zai leƙo da ya yi murna, ya kuma yi faɗa. Zai yi murna da waya, domin a zamaninsa sai an aiko mutum da ƙafa kafin ya ji labarin mai ciwo. Faɗan kuwa na san inda zai fara: yadda ake ɗora marar lafiya tsakanin mutum biyu a kan babur, kansa yana lilo, ana gudu da shi cikin ramuka. Shi ko akuya ya ɗauko ba ya yi mata haka. Wannan nake so mai karatu ya riƙe, domin abin da aka faɗa a kansa daga baya ya saɓa da shi.

Ranar da abin ya soma, ranar kasuwa ce da hantsi. Rumfar shagona cike take. Akwai wani mai babbar mota da nake so ya ba ni aikin bodi, akwai kuma wani mai walda da ya zo daga kudu ya buɗe shago kusa da tasha, muna 'yar gasa. Ina cikin cika baki ke nan, ina cewa ƙarfe ya karye a ko'ina amma ban da inda na ɗinke, sai ga Likita ya tsaya.

Ya ce, "Maƙeri, jirginka shina yi mini wani ƙas-ƙas daga ƙasa in na hau gargada. Duba mini."

Na ce, "Ko dai gwiwoyinka na, Likita? Tsufa ba ya sallama."

Aka yi dariya. Na shimfiɗa buhu na shiga ƙarƙashi. Ban daɗe ba na gan ta: tsaga siririya kamar gashi, a hannun gaba na ƙasa, daidai bakin waldata, ta ci kusan rabin bututun. Na san gyaranta. Sai an raba kwando da babur, a yanke wurin, a zura wani ƙarfe ciki, a sake ɗinkewa. Aikin kwana biyu ne. Na kuma san idan na fito na faɗa, mai waldan tasha, da ke zaune a rumfar, zai kai labarin ko'ina kafin azahar.

Ina kwance ina ganin ƙafafunsu. Na ɗauki sifana na ɗaure wani noti da yake a ɗaure. Na lakato giris da yatsa na shafe tsagar, na watsa mata ƙasa. Na fito ina karkaɗe riga, na ce noti ne ya kwance. Ya ce, "Shi ke nan?" Na ce, "Shi ke nan." A raina na ce gobe da safe zan same shi gida, mu biyu, in gaya masa. Da na je washegari, matarsa ta ce tun asuba aka aiko daga bakin ruwa, ya tafi zagaye, sai bayan mako. Ina iya shiga motar Wara in bi shi. Ban bi shi ba. Na ce ƙarfen da ya yi shekara biyar zai ƙara mako ɗaya. Girman kai rawanin tsiya, in ji masu magana, ni kuwa na naɗa shi har da kunnuwa.

Kwana shida bayan haka ya ɗauko wani manomi da kububuwa ta sara, daga wani ƙauye bayan Wara. A gangaren wani rafi hannun ya rabu. Kwando ya buɗe gefe, babur ya kifa a kan Likita ya karya masa ƙugu. Manomin ya faɗa cikin duwatsu. Kafin makiyaya su gan su, a nemo amalanke, a kai bakin hanya, rana ta yi nisa. Manomin bai iso Yelwa da rai ba. Ko dafin zai kashe shi ko da an iso da wuri, Allah kaɗai ya sani, amma ni na hana a gwada.

Ni aka aika in kwaso babur ɗin. Da na duba bakin karayar, rabi yana ƙyalli, rabi ya yi tsatsa, da sauran giris ɗina a gefe. Duk wanda ya san ƙarfe, kallo ɗaya zai yi ya gane tsohuwar tsaga ce. Na sa zarto na yanke guntun, na jefa shi cikin ruwa a hanyar dawowa.

A asibiti ya tambaye ni, "Maƙeri, mi ya karye?" Na ce buguwar ce ta karya hannu. Ya ce, "To, ni na yi sauri ke nan. Na ga mutumin shina zubar da jini ga dasashi, hankalina ya tashi." Daga nan magana ta bazu cewa Mai Jirgin Tudu ya yi ganganci da ran mutum. Na ji ana faɗa a rumfata, ban ce uffan ba.

Bai sake hawa babur ba. Shekara takwas ya yi yana ɗingishi da sanda, yana ba da magani a cikin gari. Sau biyu mutanen ƙauyuka suka roƙe shi a gyara jirgin a ba wani ya riƙa tuƙawa, ya ce abin da ya fi ƙarfinsa ba zai ɗora wa ɗan wani ba. Haka jirgin ya ruɓe a bayan gidansa. Kowace Juma'a muna tafiya masallaci tare, ina rage sauri saboda ƙafarsa, kuma kowace Juma'a ina cewa yau zan faɗa. Ciwon ciki na kwana uku ya ɗauke shi.

Bayan ƙaramar sallar bana na je wurin 'yarsa Hadiza, wadda yanzu ita ma tana da jikoki, na gaya mata duka. Ta ce, "Baba Mamman, ka san har ya rasu in ya ji an ambaci saran maciji sai ya tashi daga wurin?" Na ce na sani. Ta ce, "Nawa haƙƙin na yafe maka. Nashi ba ya hannuna. Amma a kasuwa aka ɓata mashi suna, kada ka gyara shi cikin ɗaki." Dalilin wannan rubutu ke nan. Iyalan manomin na neme su ban same su ba. In akwai nasa da zai karanta, ina Yelwa, ba na ɓuya.

Malam Isiyaku bai bar gidan sama ba, jirginsa ma 'yan gwangwan sun kwashe. Abin da ya bari shi ne mutanen da suka rayu ta dalilinsa, da kuma wannan shaida da na makara ban bayar ba: bai yi ganganci ba. Ya ji ƙara, ya kawo wa wanda ya amince da shi, ya tambaya. Allah Ya gafarta masa, Ya jiƙan manomin nan da ko sunansa ban riƙe ba.

Ku masu walda da makanikai, da duk wanda ake kawo wa abu a ce duba mini, ina roƙonku. In kun shiga ƙarƙashi kun ga aibin aikinku, ku fito ku faɗa a gaban ko wane ne ke zaune a rumfar. Dariyar da za a yi muku ba za ta kai la'asar ba.