Abin da Ke Riƙe Lemu a Reshe

Ana sallame sallar asuba muka bar Bungudu, ni da matar ɗana, da 'ya'yan lemu ƙulle a bakin zanena. Daga bishiyar marigayi maigidana na tsinto su. Shekara biyu ke nan tana fure fari fat, ta ɗaura 'ya'ya kamar gujiya, sai ta zubar. Ɗana ya ce gatari zai sa mata, ya gina ɗaki. Ni kuwa ba a yanke hukunci a gidana ban ji dalili ba.

A Gusau muka sake mota. Da direba ya faɗi kuɗi, na tambaye shi ko Makka zai kai mu. Muka karya da waina mai zafi, ko da yake mai tuyar ta yi rowar ƙuli. Duwatsun Kwatarkwashi na nan yadda na bar su ina amarya, hanyar ce ta tsufa.

A bayan garin Tsafe muka sami tsohon mai lambun da aka kwatanta mana. Ya tsaga lemuna da wuƙa, ya tsinko nasa ɗanye ya tsaga. Nasa cike da ƙwaya, nawa fayau. Ya ce ƙwayar nan ita ke fitar da wani sinadari mai kiran abinci daga uwa, shi ke riƙe ɗan a reshe. Wanda bai kira ba, uwa ta sake shi. Na ce wannan ai goyo ne, ni da na goyi 'ya'ya tara.

"To me ya hana nawa ƙwaya?"

"Inna, zuma na zuwa furenki?"

Matar ɗana ta rufe baki da mayafi. Tun da zuma ta harbi jikata, duk lokacin fure nake turara hayaƙin barkono a gindin bishiyar, har ina yabon kaina.

"Ashe ungozoma kika kora," in ji shi. "Zuma ce ke kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan, sannan ƙwaya ta samu."

Mun iso gida da la'asar. Na tara gidan na faɗi laifina da bakina, abin da ban saba ba. Ɗana ya jingine gatari sai an ga fure na gaba.

Na je Tsafe neman mai laifi, ashe tare muka biya kuɗin mota. Kaskon hayaƙin nan na wanke shi, na cika da ruwa, na ajiye wa zuma a gindin lemun.