Rariyar da Ban Wanke Ba

A shekarun da baƙin mai ya yi wuya, ina kanikanci a Kakuri, ina ji da kaina kamar ni na ƙera inji. Wani dattijo ɗan kudancin Kaduna, Baba muke ce masa, ya bar aikin masaƙa, ya zuba kuɗin sallamarsa kaf a tsohuwar tarakta. Da ita zai noma gonarsa a bayan Unguwar Boro, ya yi wa maƙwabta huɗa. Ba shi da wani abu bayan ita.

Baba ba ya zubar da tsohon mai. A duro yake tara shi, ya bar shi wata guda dattin ya kwanta, ya kwashi na sama ya tace da tsohon ɗankwalin matarsa. Kullum ina tsokanarsa: "Baba, wannan kunun naka zai kashe inji wata rana!" Sai ya yi dariya.

Ana gab da damina ya kira ni in wanke masa cikin injin. Aikin ba wuya: ka tsiyaye tsohon mai, ka zuba gas, ka tayar da inji kaɗan, ka sake tsiyayewa. Amma gas yana ɓamɓaro dauɗar shekaru, duk ta taru a rariyar da ke cikin kaskon ƙasan inji. Dole ka kwance kaskon ka wanke ta, in ba haka ba mai ba zai hau ba.

Ranar Asabar ce, ana ƙwallo da yamma, ni kuwa hankalina na can. Na leƙa ƙarƙashi, na ga notuna rututu sun yi tsatsa. Kai! Na ce a raina, wa zai gani?

"Ɗana, ka wanke rariyar?"

"Tas, Baba."

Ya zuba tataccen mansa, ya sa mini albarka.

Bayan kwana uku injin ya buga a tsakiyar gona. Da na kwance kaskon, wallahi rariyar ta toshe kamar an shafe ta da kwalta. Na yi maza na jefa ta cikin bokitin kananzir kafin ya sunkuyo.

Ya daɗe a tsaye, hannu a ƙugu. Sannan ya ce, "Ka sha gaya mini, ɗana. Man nan nawa ne. Kunnen ƙashi gare ni."

Kalma ɗaya ce za ta sauke masa wannan kaya, na haɗiye ta. Tsoro ne da son a ci gaba da kirana gwani, ba komai ba.

Taraktar ba ta sake tashi ba, kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin ƙwai. Baba ya koma fartanya da shekarunsa, ya noma abin da bai kai rabin gonar ba. Har yau in na tuna, kunya ke kama ni.

Da kaka sai ga shi a garejinmu da doya biyar a bayan keke. Ya ce tukuicin gaskiyar da na riƙa gaya masa ne, bai ji ba.

Na karɓa da hannu biyu.