Malam Inusa da Komar Ƙanensa

Da an sallame sallar asuba, Malam Inusa yakan tura ɗan ƙaramin babur ɗinsa, mobilet, zuwa bakin tabkin Madarumfa. Yana gaisawa da masunta, yana duba komarsu ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikacin kula da ruwa da daji ne, kuma a bana, 1998, yake ajiye aiki.

Bayan taron ƙasashen duniya na birnin Riyo a 1992, inda aka tsara yadda za a ci moriyar ƙasa ba tare da an cinye rabon 'yan baya ba, wani puroje, wato shirin raya ƙasa, ya sauka garin da motoci. Abin da ya shafi tabki kaɗan ne: a bar kamun kifi lokacin da yake ƙwai, a daina sa koma mai ƙananan idanu. Malam Inusa aka ɗora wa kai saƙon. Masunta suka saurara, suka koma ruwa yadda suka saba.

Wata safiya ya iske irin wannan koma a jirgin ƙanensa Salisu, cike da 'ya'yan karfasa da ba su kai yatsa ba. Binta mai suyar kifi tana wurin, ita ta ba ni labari.

"Yaya, ni ma?" in ji Salisu.

"Kai ne ma na farko. In na bar taka, ta wa zan karɓa?"

"Yarana fa, me za su ci?"

"A aiko gidana a ɗebi hatsi."

Ya naɗe komar ya ɗaure bayan mobilet. Salisu bai aika an ɗebi hatsin ba. Bai ƙara taka gidan yayansa ba, har sunan ɗan da aka haifa masa bai gayyace shi ba. Amma daga ranar masunta suka fara kawo komarsu da kansu a duba.

Purojen ya ƙare, motocin suka tafi, ba wanda ya sake tambayar Malam Inusa rahoto. Bai fasa fitowa ba. Masunta sun ce yanzu karfasar da suke kamawa takan cika tafin hannu. Salisu yakan gaishe shi a masallaci, iyakarta ke nan.

Malam Inusa, kai ne ka ɗauki maganar da aka rattaba wa hannu a ƙetaren teku ka sauke ta a bakin ruwanmu, kuma a cikin gidanku ka fara jin zafinta. Mun gode. Allah ya saka, ya kuma daidaita tsakaninka da ɗan'uwanka.

Wanda zai gaje shi, da mu da muke cin kifin, sai mu sani cewa ranar da dokar za ta biyo ta kan namu tana tafe. In ta zo, mu yi abin da ya yi.