Ashe Ba Mu Ne Ke Buga Ƙwallon Ba

Jama'a, har yanzu jikina a sanyaye yake.

Jiya bayan la'asar ina falon abokina Alhaji Sabo a Unguwar Rimi, kowa riƙe da pad, wato abin sarrafa gem, muna buga gem ɗin ƙwallo na yaransa. Ni da shi mun yi tashe a gidan gem na Abakpa muna samari, lokacin da maɓalli biyu suka ishe ka. Na yanzu kuwa, maɓallai ne har a ƙeyarsa.

Amma sai na ga yatsuna suna aiki. Na yanke mutum biyu, na zura ƙwallo a raga, na miƙe ina ihu har hulata ta faɗi. Alhaji ya rama, ya ce, "Ka ga tsohon hannu!"

Sai 'yarsa Hauwa, wadda ke jami'a, ta shigo mana da kunun aya. Ta kalli talabijin, ta kalle mu.

"Baba, ai ba ku fara ba."

Ya ce, "Kamar yaya? Ɗaya da ɗaya ake!"

"Gem ɗin ne ke buga kansa. Pad ɗinku ma ba a kunne suke ba."

Innalillahi!

Ta kunna mana. Wallahi ko ba da ƙwallo na kasa yi. Duk abin da na danna, sai ɗan wasana ya harba ta waje.

Da Alhaji ya raka ni bakin ƙofa, ya rage murya ya ce, "Da ma ta ƙyale mu yadda muke."

Tsofaffin 'yan gem, ku faɗa mini gaskiya: mu biyu kaɗai aka bari a baya, ko muna da yawa?