Takun da Ba Nasa Ba

"Ke, ni fa ba wuƙar ce ta kashe min jiki ba. Takun nan ne."

"Wane taku kuma?"

"Inda aka ɗauke wuta mana, matar ta ɓuya cikin kabad. Ba kya ganin komai, sai ƙwas, ƙwas, sai kuma ya tsaya."

"Matsoraciya! Ke da ɓera ma yake sa ki haye gado."

"Oho dai. Wa ya riƙe min hannu har ya kusa ɓalla min yatsa?"

'Yan mata biyu ne a kujerar baya ta motar haya, suna hirar sabon fim ɗin ban tsoro da ya fito. A gabansu wani dattijo ne da matarsa. Matar ta ji komai. Dattijon kuwa ko kalma ɗaya bai ji ba, alhali shi ya kamata a ce ya yi wannan takun, kuma a kansa ne ya rasa aikinsa.

Baba Taku ake ce masa. Tun yana saurayi ya shiga gidan rediyo a matsayin mai haɗa sauti a wasan kwaikwayo. Idan an rubuta cewa ruwa ya sauko, shi zai zuba shinkafa a kan faranti. Idan wuta ta tashi, sai ya murza leda a bakin makirufo. Amma inda ya fi suna shi ne tafiya. Yana da buhun tsofaffin takalma, kowanne da halinsa, yakan ce ɓarawo da yatsu yake tafiya, mai bin bashi da dunduniya. Da wasan rediyo ya ja baya, ya zauna a gida yana gyara wa maƙwabta fitila. Matarsa ce ta riƙe gidan da keken ɗinki, shi ya sa har yau Tela yake kiran ta.

Finafinan ban tsoro ne suka sake fito da shi. Masu shirya su sun gane cewa tsoro ta kunne yake shiga, sai wani matashin darakta ya nemo shi. Aka ba shi ɗaki a bayan sutudiyo, an lulluɓe bangon da tsofaffin katifu da kwalin ƙwai. Ya ajiye tiren tsakuwa, da guntun katako, da wata rabin ƙofa da ya hana kowa ɗiga mata mai. Sai a haska masa fim a allo, ya sa abin sauraro a kunne, ya riƙa taka abin da ɗan wasa ya taka. Tela ta ce tun aurensu ba ta taɓa ganin yana rigan ta tashi ba sai a wannan lokacin.

Kunnen hagu ne ya fara tafiya. Wani kuka ya zauna a ciki kamar na gyare, daga baya gyaren ma ya yi shiru. Sai na dama ya bi sahu a hankali. Tela ce ta fara lura, don sai ta kira shi ta sake kira yana nan yana goge takalmi.

"Maigida, magana nake yi."

"Ai ke ce kike magana kamar mai tsoron ta da jariri."

"Ni? Ni da maƙwabta ke cewa in rage murya?"

Likita ya ce jijiya ce ta gaji. Na'ura za ta iya taimaka masa ya ji maganar mutane, amma ƙananan sautukan da yake ci da su sun tafi ke nan. Baba ya roƙi Tela kada ta faɗa wa kowa. Ya koma aiki da ido. Yana kallon ƙafar ɗan wasa a allo, yana jin tsakuwa a tafin ƙafarsa, kuma tsawon shekarun da ya yi yana wannan aiki ya sa babu wanda ya gane. Idan Darakta ya yi magana, sai ya kalli bakinsa ya gyaɗa kai.

Sai aka zo kan fim ɗin matar cikin kabad. Allon ya yi baƙi ƙirin, babu ƙafa, babu inuwa.

"Baba, nan babu abin kallo," in ji Darakta. "Numfashinta za ka bi. In ta ja numfashi ta riƙe, ka taka. In ta saki, ka tsaya cak, kamar ka ji ta."

Baba ya zaɓi wani takalmi mai nauyi, ya hau kan katako. Ya yi ta kintace da ka, yana takawa inda yake zaton nan ne. Da aka tsayar, Darakta ya yi dariya.

"Haba Baba, wannan makashin naka mota zai kama? A sake."

Aka sake. Aka kuma sakewa. Dariyar ta ƙare. Injiniyan sauti, wanda ya daɗe yana aiki da Baba, ya riƙa murɗa sautin sama a hankali don ya taimake shi. Ya murɗa har ƙarshe. Numfashin matar ya fito daga abin da ke kunnen Baba ya cika ɗakin, har mai shara da ke bakin ƙofa ya leƙo. Baba yana tsaye, ƙafa ɗaya a sama, yana jira. Da ya gaji ya juyo ya ce, "To ku saki sautin mana, ɗana. Ni kaɗai kuke jira?"

Injiniya ya sunkuyar da kai yana kallon hannunsa. A fuskarsa Baba ya karanta abin da ya faru.

Darakta ba mugu ba ne. Ya kama hannun Baba ya zaunar da shi, ya matso kusa yana buɗe baki sosai, irin yadda ake yi wa tsoho tukuf. Ya ce akwai sautukan taku a kwamfuta, iri-iri, za su lallaɓa da su a wannan karon. Ya je gida ya huta, za a neme shi. Wannan buɗe bakin ya fi korar zafi. Baba ya tattara takalmansa a buhu, ya bar musu ƙofar, ya ce dai kada a sa mata mai.

Ba a neme shi ba. Abu ɗaya ya riƙe yana maimaita wa Tela safe da yamma: mutane za su gane. Takun kwamfuta ba shi da nauyin mutum, ba ya shakka, ba ya jan ƙafa. Ranar da fim ɗin ya fito, masu kallo za su ji wani abu ya ɓace ko da ba su san sunansa ba. Tela takan ce, "Haka ne, Maigida," ta ci gaba da taka kekenta.

Yau daga asibiti suke, an sake duba kunnen dama, an ce babu canji. Da motar ta tsaya a wata mahaɗa, Baba ya waiga, idonsa ya faɗa kan wayar da ke hannun ɗaya daga cikin 'yan matan. Ya gane hoton fim ɗin. Ya ga yarinyar tana taka yatsu biyu a kan cinyarta, ta tsaya, ta dafe ƙirji, ƙawarta tana ture ta tana dariya. Ya juyo ya dubi Tela, sai ya tarar ta mai da fuskarta taga, tana ta gyara mayafin da ba abin da ya same shi.

Ya daɗe yana kallon ƙeyarta. Sannan ya taɓa hannunta, ya yi magana da ƙarfi fiye da yadda ya sani, har direba ya dubi madubi.

"Tela, na ga hannun yarinyar nan, taku take kwatantawa. Kawo bakinki nan, kunnen dama. Ki faɗa min abin da suka ce yadda suka faɗe shi, don Allah kada ki gyara min."