Na Durƙusa Na Ƙi Tashi Sai da Fasfona

Assalamu alaikum Edita, da masu bibiyar wannan shafi. Na daɗe ina karanta abin da ya sami wasu, yau ga nawa. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin duk wanda ke cikin labarin nan jinina ne ko aminiyata.

Lokacin da abin ya faru ni ɗaliba ce a Manchester, ina digiri na biyu a kan adabi, ina zaune a ɗan ɗakin ɗalibai a Ardwick wanda tagarsa ke kallon bangon jan bulo. Ni mai sanyin hali ce, irin wadda idan aka taka mata ƙafa a bas ita ke ba da haƙuri. A gidanmu a Kano sai in tsaya da tsintsiya a hannu ina kallon waje guda har Umma ta yi mini magana. Abin da na fi kallo wata tsohuwar kalanda ce da wani kantin magani ya raba, Umma ta bar ta a bangon ɗakinta shekaru bayan watanninta sun ƙare. Hoton wani tsibiri ne, fararen gidaje sun hau tsauni kamar an barbaɗa alli, a ƙasa ga ruwa mai wani irin shuɗi da ban taɓa gani ba ko a karofi. Sai da na girma na san ƙasar Girka ce.

Da zan taho, Baba ya damƙa ni a hannun yayansa, Baffa, likita ne da ya daɗe a Birmingham da iyalinsa. Ya karɓe ni hannu biyu, ba zan ɓoye alherinsa ba. Shi ya saya mini rigar sanyi ta farko, matarsa Anti kuma ba ta taɓa barina in koma Manchester ba tare da robar miya ba. Bayan na gama rajista a jami'a na je gaishe su, sai ya ce in kawo fasfona ya ajiye mini, ɗakunan ɗalibai ba su da tsaro. Na durƙusa na miƙa masa, har na yi godiya. Ya jefa shi a durowar teburinsa ya murɗa makulli. Ban ga komai a ciki ba, kuma ko da na gani, ban san da wane baki zan ce wa yayan mahaifina a'a ba. A cikin ƙasar nan ba mai tambayarki fasfo kullum, don haka na manta da shi.

A ɓangaren mata na wani masallaci a Cheetham Hill na haɗu da wadda ta zama aminiyata. Ma'aikaciyar jinya ce, Bahaushiya da aka haifa a Salford, garin da ke maƙwabtaka da Manchester, Hausarta na ɗingishi amma dariyarta ba ta da shamaki. Wata rana muna shan shayi ta ce ita da ƙawayenta biyu na wurin aiki za su ɗauki hayar ƙaramin jirgin ruwa idan zafi ya shigo, irin mai tafiya da iska da ake ɗaga masa babban farin ƙyalle, su riƙa tashi daga wannan tsibiri zuwa wancan a tekun Girka. Akwai gado ɗaya a jirgin da ba kowa, ta ce nawa ne idan ina so. Ta nuna mini hoto a wayarta, sai na ga bangon ɗakin Umma. Ta ce fuskata ta zama kamar ta wadda aka yi wa albishir da kujerar Makka, ta tsokane ni da cewa 'yar Kano da ko bokitin wanka ke firgita ta ina ita ina teku.

Ni na zama mai tsara tafiyar, kuma ban taɓa yin wani abu da zuciya ɗaya kamar wannan ba. Na nemo mana matuƙiya mace, domin mu sake a jirgin ba namiji. Na karanta yadda iskar arewa ke tashi da ƙarfi a tsakiyar lokacin zafi, na shawo kansu muka zaɓi tsibiran da ke kusa da juna, kada mu daɗe a buɗaɗɗen ruwa. Na san sunayensu kamar na unguwanninmu, Faros, Naksos, Milos, ina maimaita su a hanyar zuwa laburare. Na tambayi wata malama yadda ake salla a jirgin da ke juyawa a kan ruwa, na tanadi yaji da za mu ci gasasshen kifi da shi. Sannan na shiga koyon iyo a ranar da ake ware wa mata zalla. Ranar farko na riƙe bakin ruwan kamar za a zare mini rai, tsofaffin mata 'yan Somaliya suna wuce ni suna ba ni ƙwarin gwiwa. Ranar da na fara kwanciya a kan ruwa ya ɗauke ni bai haɗiye ni ba, sai da na yi hawaye, ba wanda ya lura tunda kowa fuskarsa a jiƙe take.

Su ukun fasfonsu na ƙasar nan ne, jaka kawai za su ɗauka. Ni mai koren fasfo sai na nemi biza, kuma dole in kai fasfon da hannuna ranar da aka ba ni. Na hau bas zuwa Birmingham da 'yar tsarabata. Kamar yadda aka koya mana, ban tunkari Baffa kai tsaye ba, na bi ta wajen Anti a kicin. Ta saurare ni tana yanka albasa, ta ce za ta shafa masa. Da zan tafi na je sallama, ya ce ya ji saƙona, Allah ya kai mu. Na dawo ina murna, ni a zatona an amince. Mako na zagayowa na koma, ya ce makullin na wurin aiki. Na sake komawa, ya ce bari a ga yadda hali zai yi. Bai taɓa ce mini a'a ba, ni kuma tarbiyyata ba ta bar ni in tambayi babba abu ɗaya sau biyu a zama ɗaya ba. Na haddace hanyar Birmingham da gonakinta da tumakinta, kullum in tafi da fata in dawo da robar miya.

Ashe yayin da nake jira, labarin ya riga ni isa gida, kuma ya sauya kama a hanya. Umma ta kira ni, ta ce an gaya musu zan kwana a kwalekwale da Turawa maza, cikin kayan da ba su kai kaya ba. Ta ce ba ta ganin waɗanda teku ke cinyewa a labarai ne, da zan kai kaina da ƙafata? Na yi mata bayani dalla-dalla, na tura mata hoton matuƙiyar da na kayan iyona masu rufe jiki har wuyan hannu. Ta ce ita ta yarda da ni, amma magana tana hannun maza. Baba kuwa ya ce ba zai tsallake maganar yayansa ba, in yi haƙuri. Abin da ya fi ƙona mini rai, a cikin watannin nan 'yar Baffa, wadda na girma, ta tafi wata ƙasa da 'yan ajinsu, fasfonta a aljihunta, shi da kansa ya kai ta filin jirgi. Ita 'yar nan ce. Ni ce 'yar gida, wadda ake kullewa don kada ta lalace.

Ranar da aka ba ni ta neman biza ta zo ta wuce ina zaune a bakin gado. Aminiyata ta fusata, ta ce riƙe fasfon wani laifi ne a ƙasar nan, in kai ƙara kawai. Na ce mata ba ta gane ba, idan 'yan sanda suka taka ƙofar Baffa saboda ni, Umma ba za ta ƙara shiga taron dangi da kai a ɗage ba. Ta ce to in ce ya ɓace a yi mini sabo. Na ce bai ɓace ba, na san durowar da yake, kuma ba zan yi ƙarya a kan abin da yake nawa ba. A wannan zaman na gane cewa maganar ta wuce tsibirai. Da a ce Umma ce ta kwanta ciwo ake nemana, sai Baffa ya ga dama zan tafi.

Washegarin babbar salla Baffa kan tara abokansa cin nama, likitoci da injiniyoyi da akantoci, duk manyan da ake ji da su. Na je kamar kullum, na taya Anti aiki har la'asar. Da aka kai abinci falon maza, sai na bi tiren. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, suka amsa, suka sa mini albarka. Kowa ya san abin da ke biye: yarinya ta gaisa, babba ya ce madalla, ta tashi ta ba su wuri. Baffa ya ce madalla. Ban tashi ba. Ya ce in je Anti na nemana. Kaina a sunkuye, gwiwoyina a ƙasa, na ji muryata ta fito a hankali.

"Baffa, fasfona na zo karɓa. Ba zan tashi ba sai da shi."

Wani ya ajiye cokalinsa. Baffa ya ce za mu yi maganar daga baya. Na ce to, amma ban motsa ba. Suka yi ƙoƙarin ci gaba da hira, hirar ta ƙi tafiya, domin ba dattijon da zai iya tauna nama ga 'yar mutane durƙushe a gabansa. Ban ɗaga murya ba, ban ɗaga ido ba, ban yi abu ɗaya da za a kira rashin kunya ba. Ladabin da suka koya mini shi kaɗai na riƙe. Ƙafafuna suka mutu saboda durƙuso. Can wani dattijo da ya girmi Baffa ya yi gyaran murya, ya tambaye shi a hankali ko kayan yarinyar ne. Baffa ya ce nata ne. Dattijon ya ce to ai sai a ba ta. Baffa ya tashi ya hau sama, kuma makullin da aka ce yana wurin aiki bai yi wuyar samuwa ba. Ya dawo ya ajiye fasfon a kan kafet, bai miƙo mini ba.

"Daga yau na cire hannuna a kanki."

Na sa hannu biyu na ɗauka, na ce na gode Baffa, Allah ya ƙara girma. Sai da na dafa bango na iya miƙewa. Ranar na koma Manchester ba robar miya.

Na makara. Ba a samu wata ranar biza ba kafin tafiyar, jirgin ya tashi da gadona ba kowa. Hanyar da na tsara suka bi, yajina suka ci da kifi. Aminiyata ta turo mini hoton farin ƙyallen ya cika da iska, a bayansa fararen gidaje sun hau tsauni. Na kalle shi a ɗakina na Ardwick ana yayyafi a waje, na yi kuka har na gaji. Wata salla ta zo na yi ta ni kaɗai. A dangi an ce Turai ta buɗe mini ido, an ce na kunyata wanda ya riƙe ni. Baba ya daɗe bai ɗauki wayata ba, kuma wannan ya fi komai ciwo. Ranar da ya kira da kansa bai tayar da zancen ba. Ya tambayi karatu, ya tambayi sanyi, can ya ce an gaya masa wai na iya iyo. Na ce na iya, Baba. Ya ce to in riƙe takarduna da kyau, kada su jiƙe.

Ina da nadama, amma ba wadda ake so in yi ba. Ban yi nadamar durƙuson ba, kuma da za a maimaita ranar da na sake yi. Nadamata ita ce na miƙa abin da bai kamata ya bar hannuna ba don ina jin nauyin cewa a'a, sannan na ɓata watanni ina fassara "Allah ya kai mu" da abin da zuciyata ke so. Ina kewar gidan Baffa, ina gaishe shi duk Juma'a ta waya ko bai amsa ba, kuma na yarda tsoro ne ya sa shi, ba mugunta ba. Amma tsoronsa bai ba shi ikon kulle ni a durowa ba.

'Yan'uwana mata da ke tahowa karatu, ku girmama wanda aka damƙa ku a hannunsa, ku ci abincinsa, ku nemi shawararsa, amma fasfonku ya kwana inda kuke kwana. Idan babba ya jinkirta muku amsa sau biyu, ku san ya amsa, ku nemi mafita tun da sauran lokaci. Iyayenmu masu riƙo kuma, idan kuna tsoron wata tafiya ku faɗa a fili a tattauna, kada ku riƙe makulli kuna murmushi.

Na gama karatu, na sami aiki, na koma Salford kusa da wata tsohuwar tashar jiragen ruwa. Matuƙiyar nan ta ce tana nan idan zafi ya dawo, kuma wannan karon bizata ta riga ta fito. Umma ta ce in na isa in tsaya daidai inda mai hoton kalandarta ya tsaya, in ɗauko mata sabo, nata ya koɗe.