Baba Barau Mahauci, Wanda Ya Koya Mini Cikin Dabba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Yuni, 1977, Allah ya karɓi ran Baba Barau, mahaucin kasuwar Safana. Labarin bai iso mini Zariya ba sai bayan kwana tara, domin shi ya hana a aiko.

Baba, lokacin da na zo rumfarka a hutun da ya wuce, sau biyu ke nan na faɗi ilmin halittu a kwalejin share fagen jami'a. Darasi ne na dole. Wanda ya faɗi sau uku, gida za a kora shi, ga shi ni ne ɗan ƙauyenmu Tsaskiya na farko da ya kai can. Fiɗar ɓera ce ke kayar da ni. Da an ba ni aska sai kayan cikin su cakuɗe mini, in rasa wanne ne wanne.

Mahaifina ya ce ɗan Fulani ba ya zama cikin mahauta, abin kunya ne. Na zo a ɓoye. Ka dube ni sama da ƙasa, ka yi dariya.

"Kai Sahabi, shanu ɗari a rugarku, ba ka san cikin ɗaya ba? Tuɓe rigar bokon nan, riƙe mini ƙafa."

Kwana ashirin ina riƙe ƙafa. Ka nuna mini huhu da saifa da ƙoda, da yadda ake ɗaga maɗaciya ba a fasa ta ba. Ka hana ni buɗe littafi. Kakan sa in rufe ido in laluba, in na yi kuskure ka buge mini hannu da ƙotar wuƙa. Kullum sai ka naɗe mini tsoka a ganye, wai ƙwaƙwalwa ba ta aiki da fura kaɗai.

Amma tun a lokacin na lura farin idonka ya koma rawaya, wandonka kuma ya yi maka yawa. Ranar da zan koma, ka ja ni bayan rumfa, ka kama hannuna ka danna shi ƙarƙashin haƙarƙarinka na dama.

"Rufe ido. Mene ne nan?"

Na ce, "Hanta ce, Baba." Ta yi tauri kamar dutsen niƙa.

"To, ka iya. In na sami irinta a cikin sa, ba na sayarwa, binnewa nake yi. Kada matata Mero ta ji. Tafi ka yi jarrabawarka."

Wallahi na san abin da ya kamata in yi. Motar Katsina na tsaye a bakin kasuwa, asibiti ba nisa, kwana uku kawai zan rasa. Na ji tsoron kwana ukun nan. Na hau motar ni kaɗai, na wuce Zariya.

Ranar jarrabawa kayan cikin ɓera ba su cakuɗe mini ba. Ashe a ranar kana kwana biyu a kabari. Jiya aka kafe sakamako, na ci. Abokaina suna ta murna, ni kuwa ko abinci na kasa ci.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Barau, ka haskaka kabarinsa, ka sa ciwon da ya ɓoye ya zama kaffara a gare shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yansa, Sada da Indo, da dukan mahautan Safana. Allah ya ba ku haƙuri.

Ke kuma Iya Mero, an ce kina ta faɗin da wani ya sani da an kai shi asibiti. Akwai wanda ya sani. Ranar Juma'a ina tafe, zan durƙusa a ƙofar ɗakinki in gaya miki da bakina. Allah ya ba ki ikon yafe mini.